Dogon da Ya Ƙi Lanƙwasa Gwiwa

Akwai wani mutum mai suna Isamu, ɗan unguwar Tamachi, a wani ƙaramin gari da ke bakin kogi a arewa da Tokyo. Dogo ne ƙwarai. Tun yana makaranta sai ya sunkuya yake shiga shagon ubansa, kuma tun lokacin ya tsani sunkuyawa.

Uban nasa, tsoho Masaji, awara yake yi. Duk unguwar babu gidan da bai ci awararsa ba, amma ba da awara aka fi saninsa ba. Da kafaɗa aka san shi.

Duk shekara idan sanyi ya janye, itatuwan sakura suka yi fure, akan fito da mikoshi daga ɗakin bauta. Ɗan ɗaki ne na katako da zinariya a kan dogayen sanduna, wanda abin bautar unguwa ke shiga ya zaga ya ga mutanensa. Nauyinsa ya kai na ƙaramar mota, kuma a kafaɗa ake ɗaukarsa. Shekara da shekaru Masaji ne a goshin sandar gaba, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tozon sa. In ya je gidan wanka da gangan yake juya wa mutane ita.

Isamu kam bai taɓa sa kafaɗa ba. Yana gama makaranta ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana warin waken suya ba. A gaban uban ya faɗa, ana cikin cin abinci. Masaji ya ci gaba da cin shinkafarsa.

Isamu ya tafi Tokyo, ya kama dillancin gidaje, ya yi kaya masu kyau, ya lazimci gidan motsa jiki har ya yi ƙirji. Gida kuwa ya zama sai gaisuwar waya, ita ma ta bakin yayarsa Tokiko take isa.

Wata rana Tokiko ta kira shi.

"Isamu, bikin bana shi ne na ƙarshe ga Baba. Ana gamawa za mu rufe shago, in kai shi gidan kula da tsofaffi da ke kusa da ni. Jikin ya ƙi."

"To, ai gara haka. Na daɗe ina faɗa."

"Kai dai ba ka rasa abin da ka daɗe kana faɗa. Saurara. Dattawan unguwa sun yanke cewa bana mikoshi zai bar babban titi, ya shiga lungunmu, a ɗaga shi sama a ƙofar Baba. Ba a taɓa yi wa kowa haka ba. Tun da ya ji yake ta sa ni wanke tsohuwar rigarsa."

Maganar da Isamu ya yaɓa wa uban a kan abinci ba ta taɓa barin ransa ba, sai dai bakinsa ba irin mai furta "yi haƙuri" ba ne. Nan take ya hango wata hanya da ba sai ya furta komai ba. Mikoshi zai shigo lungu, uban zai ɗaga kai, sai ya ga ɗansa a goshin sanda, daidai inda shi yake tsayawa a da. Shi ke nan, magana ta mutu.

"Yaya, ki aro mini rigar unguwa."

"Wa? Kai? Kai da ko buhun wake ba ka taɓa kama masa ba?"

"Ke dai ki aro. Kuma kada ki gaya masa zan zo."

A Tamachi ba a taɓa sandar mikoshi sai da rigar unguwa, rigar kuma ba a ba da aronta sai wani ya tsaya maka. Tokiko ce ta je gidan shugaban masu ɗauka, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, ta ce ta tsaya wa ƙaninta.

Ranar biki gari ya cika ya batse. An rufe babban titi, rumfuna sun jeru hagu da dama. Nan ana soya taliya, can ana juya curin ƙullu mai naman teku a kasko, gaba kaɗan yara sun tsugunna suna kamun jajayen kifi da ludayin takarda. Masu ganga da sarewa suna kan keken katako suna ta yi, iska tana zubo wa kowa fure a ka.

Daga tashar jirgi Isamu ya zarce rumfar masu ɗauka. Tokiko tana jiransa da rigar a ninke.

"Ka fara leƙa gida tukuna," in ji ta. "Ko na ɗan lokaci ne. Ka zauna da shi."

"Zai gan ni, Yaya. Amma a gaba zai gan ni."

"Isamu, ka ji maganata."

Ya riga ya zura hannu a riga. Hannun rigar bai kai masa ko'ina ba, dama zanen aro ba ya rufe katara. Tokiko ta dube shi, ta girgiza kai, ta koma gida don ta shirya tsohon.

Shugaban masu ɗauka shi ne Genzo mai saƙar tabarma, abokin Masaji tun ƙuruciya, gajere mai faɗi, muryarsa kamar an goga ta da yashi. Ya ɗaga kai ya dubi Isamu, ya ƙara ɗagawa.

"Af! Ɗan Masaji! Ashe ba ka manta hanya ba. Me suke ba ku ne a Tokyo, takin zamani?"

Aka kwashe da dariya.

"Barka da war haka, Baba Genzo. Gaba nake so a sa ni."

Dariyar ta ƙaru. Wani ya ce, "A ba shi tsuntsun zinariyar da ke kan rufin mikoshin mana, ai ya fi kusa da shi."

Genzo ya share hawayen dariya da tawul ɗin wuyansa. "Yaro, ubanka har aka haife ka yana baya. Baya za ka, sandar dama. Kuma ka buɗe kunne, abu ɗaya zan gaya maka. Sanda ba ta san dogo ba, ba ta san gajere ba, layi ɗaya take so. Kai ne dogo, kai za ka lanƙwasa gwiwa ka sauko inda mutane suke. Ka manna kafaɗa, ka bi ƙafar na gabanka. In ka miƙe, nauyin da ka ɗage ba sama yake tafiya ba, kan wani yake komawa."

"Ina ɗaga abin da ya fi rabona a nan kullum, Baba."

"Kai kaɗai kake ɗagawa ko?"

"Ni kaɗai."

"To, ka gani."

Genzo ya buga katakansa biyu, aka tafa, aka sa kafaɗa, mikoshi ya tashi, masu ɗauka suka kama amshinsu. "Wasshoi! Wasshoi!" 'Yan ƙararrawar da ke rataye a kusurwoyinsa suka kama kaɗawa tare da sawun mutane.

Gaskiya ce, tafiya a durƙushe ga dogon mutum azaba ce. Ba a yi nisa ba cinyoyin Isamu suka kama wuta. Ba ya ganin komai sai ƙeyar na gabansa, kuma babu mai ganinsa. Duk lokacin da ya ɗan miƙe don ya huta, sai matar da ke bayansa ta zungure shi. Fumie ce mai shagon furanni, 'yar gajeriya, ta haura hamsin.

"Dogo, sauko mana! Ka ɗauke mini sanda, iska nake ɗauka."

Ya sauko.

"Yauwa. Ka ga ɗan Masaji ko kai fa. Haƙuri za ka yi, baɗi war haka gwiwar ta saba."

Baɗi. Shi ba shi da wata baɗi, yau ce kawai.

A zangon ƙarshe aka ɗora mikoshi a kan ƙafafun katako, matan unguwa suka fito da dunƙulen shinkafa da shayi mai sanyi da giyar shinkafa. Fumie ta miƙa masa dunƙule guda, ya karɓa bai ko dube ta ba. Idonsa yana kan 'yan gaba, waɗanda 'yan kallo ke ta ɗauka a hoto. Daga nan sai gada, daga gada sai kwanar lungunsu.

Ya sake zuwa wurin Genzo.

"Baba, daga gada zuwa ƙofar gida kawai. Don tsohon."

"Don tsohon ne, ko don kai?" Genzo ya kurɓi shayinsa. "Sakae mai raba wasiƙu ne a goshi. Shekarunsa nawa yana jira. In mun isa ƙofa zan kira ka ka tsaya kusa da ubanka, ka riƙe masa hannu. Wannan ya fi."

Isamu ya sunkuyar da kai kaɗan, irin sunkuyawar da ba ta kai zuci ba, ya koma.

Aka sake tashi. Ganga ta ƙara zafi, jama'a suka matso, ana ta musayar kafaɗa, wannan ya fita wancan ya shiga. A cikin wannan hargitsin Isamu ya zame daga wurinsa, ya kutsa ta gefe har ya kai gaba. Sakae mai raba wasiƙu ne a goshin sandar hagu, idonsa a lumshe, bakinsa yana ta "wasshoi". Isamu ya kama ɗamararsa ta baya, ya fizge shi waje kamar an zare tsinke, ya cusa tasa kafaɗar.

Turereniya a kan goshi ba baƙon abu ba ce a biki, don haka da farko ba wanda ya tsayar da tafiya. Da ya lanƙwasa gwiwa, wataƙila da zagi kawai zai sha daga baya.

Amma a gaba akwai idanu. Akwai masu hoto, akwai tsofaffin abokan makaranta, akwai wata da ta ce, "Kai, wane ne wancan dogon?" Isamu ya ji ta. Ya ga mutumin da ya sha wuya ya iso nan ba zai shiga lungun ubansa a durƙushe ba. Sai ya miƙe, ya buɗe ƙirji.

Sandar ta tashi daga kafaɗun mutum huɗu da ke bayansa. Mikoshi ya karkata. Ƙararrawar da ke tafiya da sawu ta rikice, kowace tana kukanta daban.

Genzo, da ke tafiya da baya-baya a gabansu, ya daka tsawa. "Durƙusa! Ɗan Masaji, durƙusa!"

Ya ji. Kada wani ya ce ganga ce ta hana shi ji. Ya ji sarai, ya ce a ransa shi zai iya riƙewa, ai ga shi yana riƙe da ita.

Daidai nan suka fara hawan gada. Gaba ta yi sama, gefen Isamu ya fi ko'ina sama, nauyin duka ya gangara kusurwar baya ta dama, wurin da ya bari babu kowa. Mutanen wurin suka yi ta maza na ɗan taki biyu uku. Sai gwiwar wani ta sare, na kusa da shi ya bi, sandar ta sauka.

Ƙarar da kusurwar mikoshi ta yi a kan kwalta har masu rumfa sun ji. Sanda ta daki Isamu a kafaɗa ta watsar da shi gefe. Ganga ta tsaya. A cikin shirun sai muryar Fumie, tana kwance a ƙasa, ta dafe kafaɗa, tana cewa, "Wayyo, ku bi a hankali, kada ku taka furen kan mikoshi."

Ƙashin kafaɗarta ya karye. Kafin motar asibiti ta ratso wannan taron an daɗe. Bayan an tafi da ita, ba a ɗaga mikoshin da ya taɓa ƙasa haka kawai. Sai da aka kira mai kula da ɗakin bauta, ya zo ya watsa gishiri, ya kaɗa reshensa na tsarkakewa, aka duba sanduna, aka sake ɗaure igiyar da ta kwance. Rana tana ta yin ƙasa.

Izinin rufe titi kuwa na da iyaka. Motocin haya sun riga sun yi layi a ƙetaren gada. Genzo ya je wurin babban ɗan sanda, ya cire tawul daga wuya, ya roƙa. Ɗan sandan ya sunkuya, ya ce shi ma awarar Masaji ya ci ya girma, amma asibiti yana bayan wannan titin, ba zai iya ƙara riƙe shi ba. Ya sake sunkuyawa.

Aka soke shiga lungu. Mikoshi zai koma ɗakin bauta kai tsaye.

Genzo ya tako inda Isamu ke zaune a bakin gada. Bai ɗaga murya ba.

"Cire."

Isamu ya cire rigar. Genzo ya kakkaɓe ta, ya ninke a hankali.

"Baba, ni zan je in ba kowa haƙuri. Zan je asibiti, zan..."

"Ba kai ka ara ba. Yayarka ce ta ara. Ita za ta bi gida-gida gobe tana sunkuyawa." Ya sa rigar a hammata. "Tafi gida. Akwai mai jira."

Biki bai tsaya don Isamu ba. Ya ratsa ta cikin rumfuna da 'yar singileti, kafaɗa a kumbure, yara suna wuce shi da kifinsu a leda. Ba wanda ya zage shi. Mutanen Tamachi ba su iya zagi a titi ba, hanya kawai suke buɗe maka, su kau da kai.

An share lungun tas, an yayyafa ruwa. A ƙofar shago an kafa tebur, an jera ƙananan kofuna da yawa da faranti-faranti na awara, kowace da 'yar citta a kai, na masu ɗauka. Masaji yana zaune a kujera cikin tsohuwar rigarsa da ta koɗe, ya ɗora hannaye a gwiwa, ya miƙe zaune kamar mai jiran hoto. Ya rame ƙwarai. Tokiko tana tsaye a bayansa, kuma daga fuskarta labari ya riga ya iso mata.

Isamu ya zo ya tsaya a gaban uban. Tsohon bai ɗaga kai ba. Idanunsa suna kallon wani wuri a gefen cikin ɗansa.

"Wane ne ya tare mini iska?"

"Isamu ne, Baba," in ji Tokiko.

"Isamu?" Fuskar tsohon ta buɗe. "Kai, yaushe a gari?"

Isamu ya dubi yayarsa. Ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Tun sanyin bara idon ya tafi. Shi ya hana in faɗa maka a waya, wai kada ka bar aikinka."

Duk abin da Isamu ya yi yau don a gan shi ya yi, ga shi wanda zai gan shin ba ya gani.

"Ka zo a daidai," in ji Masaji, "sai dai ka zo a shekarar da ba ta yi kyau ba. Ba za su shigo ba, ko Tokiko?"

"Ba za su shigo ba, Baba."

"Na sani. Tun daga nan nake bin su da kunne. Suna ta zuwa lafiya lau, ƙararrawa tana tafiya da ƙafa, na ce yauwa, Genzo bai tsufa ba. Suna isa gada na ji ta watse. Na ce wani ya miƙe." Ya girgiza kai. "Ni dai so na yi in ji ta a nan ƙofar sau ɗaya, kusa, har ta cika mini kunne. To, ba rabo. An ce Fumie ce a ƙasa?"

"Ita ce."

"Kash. Yarinyar kirki. Shi kuma yaron da ya miƙe, ko ɗan wane ne? Kada su matsa masa da yawa. Yaro ba ya sanin sanda daga sama, wani ne ke sa shi a gaba ya nuna masa. Ubansa ya kamata a tambaya."

Daga nesa ana jin ganga tana komawa wajen ɗakin bauta.

"Matso mana in taɓa ka," in ji tsohon. "Ko ka ƙara tsawo ne?"

Babu yadda hannun mutumin da ke zaune zai kai, sai Isamu ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutsen lungu. Hannun Masaji ya laluba kansa, ya sauko kunne, ya sauko wuya, ya isa kafaɗa. Nan ya tsaya. Yatsun suka bi kumburin a hankali daga farko har ƙarshe. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin sanda ba ya bukatar a gaya masa abin da ke barin irin wannan shaida.

Ya daɗe bai janye hannun ba.

"Baba," in ji Isamu. "Baba, ni ne..."

"Tokiko," in ji tsohon, "kwashe kofunan nan. Ki kawo tsumma da ruwan sanyi." Hannunsa yana nan a kafaɗar. "Gobe in za ki gidan Fumie ki tafi da ni. Ashe uban yaron yana nan zaune."

Washegari aka ga makaho ɗan shekara tamanin da wani abu, 'yarsa tana riƙe da hannunsa, yana bin ƙofofin Tamachi ɗaya bayan ɗaya yana sunkuyawa. Isamu yana biye da su a baya. Masaji bai kai bikin baɗi ba.

Darasi: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuna ɗauke da kaya ɗaya da mutane, fifikon da Allah ya ba ka, na ƙarfi ne, na ilimi ne ko na dukiya, ba dalilin miƙewa ba ne. Kai ne za ka sauko daidai da su, don nauyin da ka ɗage da girman kai a kan wani yake sauka, sau da yawa ma a kan wanda ya fi ƙaunarka. Kuma in kana da haƙurin da za ka ba iyayenka, ka je ka ba su da bakinka tun suna ji, kada ka tsaya jiran ranar da za ka burge su. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake shirin miƙewa a inda ya kamata ya durƙusa.